Mabuɗin Gulbi

Ranar da likita ya kwance wa Baffa ido, bayan ya ƙirga yatsun da aka ɗaga masa bai yi kuskure ba, sai ya juyo ya ƙare mini kallo, ya ce ashe na tsufa. Daga nan ya ce in kai shi ya ga gulbi.

Shekara shida ke nan yana ta rufe masa idanu biyu. Baffa ƙanen mahaifina ne, masunci ɗan masunci, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ne uba a gidanmu da ke wani ƙauye a gefen Argungu. Ni ne na tsere wa koma da gora, na yi boko, na zama malamin labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi, saboda haka ba ya kirana da sunana, sai dai Malam, da wata murya da ban taɓa tantance ko girmamawa ce ko zolaya ba. A watan Janairu na 2021 aka yi masa aikin, ya ƙara kwanaki a gidana, sannan likita ya yarda ya koma gida da sharaɗin ya riƙa sa baƙin tabarau, ya kuma guji ƙura.

A safiyar tafiyar akwai wata takarda a aljihun rigata, an ninke ta huɗu. Yarjejeniya ce ta sayar da fadamarmu ta gado ga wani ɗan kasuwa da ke tara filayen shinkafa. Ƙanena ya sa hannu, ni ma na sa, saura Baffa ya dangwala yatsa. Wata uku ina jan ƙafa, don ban so a wayi gari a ce mun kama hannun makaho mun dangwala masa. Na ce a bari ido ya buɗe. To ga shi ya buɗe, ba ni da sauran uzuri, kuma tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiya ce da ba ta cika sa'a guda ba. Na ƙudurta cewa kafin mu isa zan gaya masa.

Da muka zo shiga mota sai ya ƙi zama a gaba. Ya ce in mutum ya doshi Argungu daga Birnin Kebbi, gulbi na hannun hagu, don haka bayana zai zauna. Ban yi gardama ba. Muka fara gangarawa Dukku, inda gari ke ƙarewa fadama ta fara, inda kuma ake jawo ruwan da Birnin Kebbi ke sha. Hazo ya sauka, sanyin hunturu na kaɗawa. Ya fito ya dafa ƙofar motar, ya cire tabarau duk da gargaɗin likita, ya daɗe yana kallo. Ga ruwa yana tafiya a natse tsakanin tuddan yashi, ga yara na wanka ruwan bai wuce musu ƙugu ba, ga bututun injinan ban-ruwa jere a gaɓa kamar macizai sun zo shan ruwa.

Can sai ya ce, “Malam, likitan ga bai ida aikinai ba. Rabin gulbi nika gani.”

Na yi dariya, shi bai yi ba.

Kafin mu bar gari muka wuce ta ƙarƙashin manyan turakun lantarki. Ya ɗaga kai ya tambaye ni daga ina wayoyin suka taso. Na ce daga Kainji, su ne ke kawo wa Birnin Kebbi wuta, daga nan kuma wani layi ya ƙetara iyaka ya kai wa Yamai. Na fara yi masa bayani irin na aji: an soma ginin madatsar a kan Kwara a 1964, aka kammala a 1968, injinan da aka sa mata na iya ba da megawat 760. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi yana can lokacin da ruwan ke cika.

Wannan labari ne da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Yana ɗan shekara ashirin, da jin an ce an tare Kwara an yi teku a ƙasar Yawuri, sai shi da wasu samari suka gangara da kwalekwale, suka bi gulbinmu ta Bunza har inda ya faɗa Kwara. Ya ce bai taɓa ganin kifi irin na shekarun farko ba, raga har yagewa take yi. Ruwa ya hau kan gonaki da kurmi, duk abin da ya ruɓe a ƙasa ya zama abincin kifi. Amma ya ce akwai wuraren da in ka jefa raga sai ta maƙale, ka nutsa ka kwance ta, ka tarar a jikin rumbu ta kama, ko a reshen bishiyar da jiya-jiya ake zama a inuwarta. Ya ga Gungawa da aka taso daga tsibiransu, mutanen da suka shahara da noman albasa a bakin ruwa, an kai su tudu an ba su ɗakunan siminti. Wani dattijo daga cikinsu ya taɓa biyansa ya kai shi tsakiyar tafkin, ya sa aka tsayar da jirgi a wani wuri da babu wata alama, ya yi addu'a ga iyayensa da ke kwance a ƙasan ruwan, suka juyo ba wanda ya ce uffan. Bayan 'yan shekaru kifin ya ja baya, Baffa ya komo gida.

Ni na san a takarda cewa fiye da mutum 40,000 aka tayar saboda Kainji, na san tsohon garin Busa na ƙarƙashin ruwa. Shekara da shekaru ina rubuta wannan adadi a allo, yara na kwafa, ina ba su maki in sun tuna shi. Da hasken wutar nan na yi karatun jarrabawata. Da ita aka kunna na'urar da likita ya duba idon Baffa.

Muka wuce Gwadangaji muka doshi Zauro. Daga kan hanya, duk inda tudu ya ɗan kauce, sai fadama ta bayyana shimfiɗe, kore shar, iya ganinka. Manoma na dashen shinkafar rani, ƙarar injina ta cika kwarin. A nan ne a watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa lamuni, daga nan sunan Kebbi ya cika ƙasa, aka yi shinkafar haɗin gwiwa da jihar Legas, aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu a 2017. Na nuna wa Baffa da alfahari, na ce ya duba, a zamaninsu wa ke ganin shinkafa kore a watan Janairu?

Ya ce gaskiya ne. Ya ce a zamaninsu kuma ba wanda ke sayen fetur don ya shayar da shinkafa.

Daga nan ya shiga ba ni darasin da ya kamata a ce ni ke bayarwa. A da, in ruwan sama ya sauka a ƙasashen Zamfara da Katsina da Maraɗi, ba a rana ɗaya yake iso mana ba. Yakan taho sannu, ya cika gulbi, ya tumbatsa, ya malala cikin fadama yau taki ɗaya gobe taki ɗaya. Kafin ya iso an riga an watsa jar shinkafa ta gargajiya, wadda ta san halin ruwa: yana tashi tana tashi, karanta na ƙara tsawo, kanta na bisa kullum. Kifi kuma na biye da ruwan, ya bar gulbi ya shiga cikin burgu da bado ya zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a inda babban kifi ba ya iya cim musu. In kaka ta yi sai ruwan ya janye, ya bar baƙar laka a gona, taki kyauta, ya kuma bar tafkuna cike da tarwaɗa da karfasa da kurungu da bargi. Waɗannan tafkuna Sarkin Ruwa ke hana taɓa su har sai ranar fashin ruwa. A damshin da ya saura a dasa albasa da dankali. Makiyayi ya kawo shanunsa su ci burgu, su bar kashi. Ruwa ɗaya, in ji Baffa, mutum uku ke ci a cikinsa, kowa ya san watansa.

Na san abin da ya katse wannan tsari, don yana cikin manhajar da nake koyarwa. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. A 1984 aka kammala ta Goronyo a kan Rima, mai ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa a kusa da birnin Sakkwato su zama gulbin da ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi. Ba don lantarki aka yi su ba kamar Kainji, ko da yake an sa wa Bakolori ƙananan injinan wuta. Don noman rani da ruwan sha aka yi su. Amma madatsa madatsa ce. Takan riƙe ruwan farkon damina har sai ta cika, ta riƙe lakar da ruwan ke ɗauke da ita, ta saki abin da ta ga dama a lokacin da masu kula da ita suka ga ya dace. Mu muna tsakiya: biyu a samanmu, ɗaya a ƙasanmu.

Don in yi adalci, na ce wa Baffa ba komai ne laifin madatsa ba. An yi fari a 1973, an sake yi a 1984. An sare itatuwa a tudu, yashi ya gangaro ya cike gulbi. Mutane sun ƙaru, raga mai ƙananan idanu ta yawaita, ana kwashe kifi tun bai girma ba. Kuma ruwan da ya gani a Dukku da safe, a tsakiyar rani, yawancinsa sakin Goronyo ne. A 2018 da ruwan madatsar ya ƙafe ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma, hankalin Sakkwato da Kebbi duka ya tashi. Ba don ita ba, da famfo ya bushe, da waɗannan injina ba su sami abin zuƙa ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce bai musa ko ɗaya ba. Sannan ya ce, “Ni abin da nika tambaya guda na. Da can in ruwa ya yi yawa ko ya ƙaranta, mun san Wanda muka roƙo. Yanzu an sa mai ƙofa da kwaɗo. Wa ad da mabuɗin? Ka taɓa ganinai? Ya san sunan garinmu?”

Ban ba shi amsa ba. Hannuna ya kai kan aljihu ya dawo kan sitiyari.

A Ambursa muka tsaya ya sha shayi, don ya sha maganinsa. A teburin mai shayi akwai manoma uku da suka fito daga fadama, laka har gwiwa, da jarkar fetur a gefensu. Da suka ji harshen Baffa suka gane na gida ne, hira ta ɓarke, kuma kamar kowace hira a kwarin Rima a wannan shekara, ta gangara kan ambaliyar 2020. Ɗaya ya ce shinkafarsa ta fara fitar da kai, saura makonni kaɗan, ya kwanta da dare da gona, ya tashi da safe da teku. Wani ya ce a kwalekwale ya bi ta kan gonarsa yana leƙa ƙasa, yana ganin ganyen na kaɗawa a cikin ruwa kamar yana yi masa ban kwana. Na ukun, wanda ya fi su shekaru, ya ce shi ba yawan ruwan ne ya dame shi ba, ya ga na 2010, shekarar da Goronyo ta cika ta batse har ruwa ya karya gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ya dame shi saurin zuwansa. Irin shinkafar da ake nomawa yanzu gajera ce, mai yawan amfani, amma ba ta iya iyo ba. Kwana kaɗan a ƙarƙashin ruwa ta ruɓe.

Ina zaune ina juya cokali a kofi, don labarin ƙanena suke bayarwa ba su sani ba. Shi ne ya zauna a gida ya riƙe gonar. Ya ci bashi ya sayi iri da taki da maganin feshi da inji, ya yi abin da duk mu 'yan boko muka ce masa shi ne ci gaba. Damina ta yi ƙarfi a ko'ina a shekarar, aka kuma ce an buɗe ƙofofi a sama, wanda dole ne a buɗe in ba so ake bango ya fashe ba. Sanarwa ba ta iso ƙauyenmu ba, ruwa ya riga ta. Bai girbi ko mudu ɗaya ba. Masu bashi kuwa ba su san ambaliya ba. Daga nan ne maganar sayar da fadamar ta taso, kuma ni na fara kawo ta. Na yi lissafi a takarda, na nuna masa cewa kuɗin za su biya bashin, su saya masa babur ya riƙa haya. Lissafin ba shi da kuskure.

Da muka koma mota sai Baffa ya tambaye ni ko ina koya wa yara abin da ya faru a Bakolori. Na ce ina koya musu shekarar ginawa da faɗin filin da aka tsara shayarwa. Ya ce ba shi yake nufi ba. Na san abin da yake nufi. Manoman da aka karɓe wa gonaki, wasu ruwa ya cinye, wasu aka baje da katafila, sun yi ta neman diyya har suka gaji, suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Adadin da gwamnati ta bayar bai kai 30 ba, mutanen yankin kuwa ɗaruruwa suke faɗa. Wannan ba ya cikin manhaja, ba ya fitowa a jarrabawa, ni kuma ban taɓa ƙara shi da kaina ba. Baffa ya ce labarin ya iso musu a bakin fatake, kuma a shekarun da suka biyo baya ne suka fara lura ruwa ba ya kai wa inda ya saba. Akwai wata tsamiya a bakin fadamarmu da kakanmu ke ɗaure jirgi a jikinta. Ya ce tun daga lokacin sai a shekarar masifa kaɗai ruwa ke taɓa gindinta.

Muka wuce Alwasa, inda a 1805 Kabawa da abokan ƙawancensu suka gwabza da rundunar jihadi. Ƙasar nan ta ga yaƙi a kan wa zai mallake ta tun zamanin Kanta, wanda ya gina Surame a ƙarni na 16. Sarakuna sun hau sun sauka, an ci Birnin Kebbi, Kabawa sun koma Argungu sun kafa sabuwar fada, Turawa sun zo sun tafi. Duk wannan sauyi bai taɓa sauya watan da ruwa ke zuwa ba. Abin da mayaƙa ba su yi ba a shekaru ɗaruruwa, injiniyoyi sun yi shi a cikin shekaru ashirin, kuma da kyakkyawar niyya suka yi.

Azahar ta gabato muka shiga Argungu. Bai yarda mu wuce gida ba sai da muka biya Matan Fada. A nan ne tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama aka rufe tsohuwar gaba, ake yin bikin kamun kifin da ya kai sunan garin duniya, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ake tattali a 2016. An yi shekara goma ba a yi shi ba, saboda rashin tsaro da ƙarancin ruwa, sai a watan Maris na 2020 ya dawo. Baffa ya sa an riƙo hannunsa an kawo shi a ranar. Bai ga komai ba, amma ya ji ƙarar bindiga, ya ji ƙasa ta girgiza da gudun dubban mutane, ya ji ƙarar goruna na faɗawa ruwa. Da aka sanar cewa giwan ruwan da ya ci gasa ya kai kilo 78, ƙanena ya ce ya ga hawaye na fita daga fararen idanunsa.

Yanzu wurin shiru, rumfunan baƙi babu kowa, awaki na kwance a kan matakala. Ya sauka a hankali har bakin ruwa, ya tsuguna, ya ɗebo da tafin hannu ya shinshina. Ya ce nan ana tsaronsa shekara guda don rana guda, shi ya sa har yanzu akwai manya a ciki. Ya ce amma giwan ruwa ba a Matan Fada ake haifarsa ba, yana buƙatar fadama, yana buƙatar ƙananan kifin da zai ci. In babu ambaliya mai hankali, wata rana za a buga bindiga, mutum dubu su faɗa ruwa, su fito da laka.

Daga nan muka kama hanyar ƙauye. Na tsayar da mota a gindin tsamiyar, muka taka zuwa gonar. Ƙanena na can yana jiranmu, ya rame, ya tsuguna ya gaida Baffa bai iya ɗaga kai ba. Ambaliyar ta bar yashi fari a kan kusan rabin filin, injin da aka ci bashi aka saya na ajiye a ƙarƙashin buhu. Baffa ya zaga iyakokin ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda kakanmu ya binne dutse, inda mahaifinmu ya taɓa kashe kada. Ya sa sanda ya tona yashin, bai kai kamu ɗaya ba sai ga baƙar ƙasa. Ya ɗebo ya murza a yatsunsa.

Ba tare da ya dube ni ba ya ce, “Malam, fiddo takardar.”

Na daskare. Ya ce tun a asibiti yake jin motsinta duk lokacin da na sunkuya gyara masa matashi. Wanda ya shekara shida a duhu ba a ɓoye masa ƙarar takarda. Ya ce ya gode da na jira idonsa ya buɗe. Na miƙa masa, ya riƙe ta a juye, don bai iya boko ba, ya ce in kawo tawada.

Na zaci zai yi faɗa, na kwana ina shirya amsoshin da zan ba shi. Sai ga shi yana cewa a sayar. Ya ce gonar da ubansa ya bar masa gona ce da ruwa ke yi wa aiki, wannan kuwa gona ce da sai an yi wa ruwa aiki, kuma shi ba zai ɗaure yaro a jikin abin da ba shi da iko da shi ba. Ya ce shi ya ci zamaninsa. Abu ɗaya ya roƙa: in mai sayen zai yarda, a bar tsamiyar.

Ban san abin da ya same ni ba. Duk hujjojin da na tara na in rinjaye shi ne, da ya ba ni hanya sai na rasa inda zan sa ƙafa. Na tuna dattijon Gungawa a tsakiyar tafki yana addu'a a kan wurin da ba shi da alama. Shi ruwa ne ya raba shi da ƙasarsa, ba a tambaye shi ba. Mu kuwa ga ƙasar a ƙarƙashin ƙafarmu, kamu ɗaya a ƙasan yashi, kuma da hannunmu za mu miƙa ta. Wanda zai saya yana da kuɗin da zai jure ambaliya biyu ko uku, ƙanena kuwa nan da shekara kaɗan zai dawo wannan fili a matsayin ɗan ƙwadago. Na karɓi takardar na mayar aljihu, na ce tawadar na manta ta a Birnin Kebbi. Baffa ya dube ni da sabon idonsa, ya san ƙarya nake yi, bai ce komai ba.

Abin da muka yi daga baya ba wani abin a yaba ba ne, kuma ban san ko shi ne daidai ba. Mun ba da rabin gonar jingina na shekara uku ga wani maƙwabci. Na sayar da motar da ta kai mu, na haɗa da kuɗin jinginar muka rage bashin. Ƙanena ya kwashe yashin da kwando, ya nemo irin jar shinkafa wurin wata tsohuwa da ta adana shi a tulu, ya shuka a gefen da ya fi zurfi, gajerar kuma a gefen tudu, don in ɗaya ta tafi ɗaya ta tsaya. Manoman yankin sun haɗa lambobin wayarsu da na 'yan'uwa da ke zaune a garuruwan sama, duk wanda ya ga ruwa ya tashi ya buga wa na ƙasa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mabuɗin dai har yau ba a hannunmu yake ba, kuma can sama a kan Kwara, a ƙasar Nijar, ana gina wata madatsar a Kandaji.

A aji kuwa, in na zo darasin madatsun ruwa, ina rubuta shekaru da adadi kamar da, don jarrabawa na nan. Amma nakan ajiye alli in tambayi yara su waye iyayensu ke noma a fadama. Fiye da rabi kan ɗaga hannu. Sai in ce kowa ya je gida ya tambayi tsohon gidansu inda ruwa ke tsayawa a da da inda yake tsayawa yanzu, ya rubuto mini. Nakan kuma gaya musu abin da ya faru a watan Afrilu na 1980.

A daren da muka isa, bayan sallar isha, muna zaune a tsakar gida a kan tabarma, mata na ta shigowa yi wa Baffa barka, sai aka kawo wuta. Yara suka sa ihu a unguwa kamar yadda suka saba. Ƙwan lantarkin da ke rataye a ƙofar ɗakinsa, wanda aka sa bayan ya makance, ya kama. Inna ta ce ya mayar da tabarau kada hasken ya yi masa illa. Ya ce a bar shi tukuna. Ya daɗe yana kallon ƙwan, ƙwari na kewaya shi, sannan ya taɓa gwiwata.

“Malam, wagga wuta daga Kainji ta?”

Na ce daga can take.

Ya ce, “To a kashe ta in an gama cin tuwo. Gonakin mutane na aka ƙonawa.”